Aibin da ke da farashi: yadda na zaɓi ɗaya cikin babura biyu na hannu a Tahoua

Kasuwar babura na hannu a Tahoua tana da lokacinta, kuma mai son saye da rahusa yakan jira bayan kaka. Dalilin sananne ne ga duk ɗan Adar. Samarinmu da ke tafiya cirani Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko biranen Najeriya, da yawansu suna dawowa gab da faɗuwar damina da ɗan abin da suka tara, babur kuwa yana cikin abubuwan farko da suke saye. Su je gona da shi, su yi zumunci da shi, amma da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai tafiya ta sake tasowa, kuɗin mota babu, sai babur ya koma kasuwa. Daga watan Nuwamba zuwa Janairu mutum zai gan su jere a gaban dillalai, musamman ranar Lahadi da kasuwar gari take ci: Kasea, Royal, Haojue, Apsonic, TVS, Boxer, wasu da sauran leda a jikin madubinsu, wasu kuma sun sha wuya har ta bayyana a jikinsu.

A wannan lokacin ne na shiga neman nawa. Aikina a cikin gari yake, amma mahaifiyata da gonarmu suna wani ƙauye a yankin Keita, kuma hanyar da ke kai mutum can ba ta da dangantaka da kwaltar da aka shimfiɗa mana a cikin gari lokacin bikin Tahoua Sakola na 2017. Da an bar babbar hanya sai dutse, sai burji mai gargada da ke girgiza haƙoran mutum, sai koramu masu yashi da ke riƙe taya, ga ƙaya ta ko'ina. Sabon babur ya fi ƙarfin aljihuna, domin tun bayan rufe iyakokin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da a da suke shigowa ta Kotonu sun koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, kuma kowane ƙarin kilomita da babbar mota ta yi yana fitowa ne a farashin da mai saye zai biya.

Bayan na zazzaga, zaɓina ya tsaya a kan guda biyu. Na farko ja ne, ƙirar China mai inji 125, yana hannun wani dillali a bakin kasuwa. Fentinsa yana sheƙi, an yi wa kujerarsa sabuwar riga, injinsa a wanke tas, mitarsa tana nuna kilomita 9,000 da 'yan kai, kuma an sa masa jikka 270, wato sefa dubu 270. Na biyu Boxer ne mai inji 150, baƙi amma rana ta koɗar da shi har ya koma ruwan toka, na wani mai kanti ne a unguwar Wadata wanda yake kai kaya kasuwannin ƙauye da shi. Kujerarsa a yage take, an ɗaure sigina ɗaya da waya, tayar baya ta cinye har ta yi sumul, mita kuwa ta daɗe da mutuwa, kuma mai shi ne ya fara faɗa mini hakan tun ban tambaya ba. Shi jikka 320 yake nema, domin yana son cikawa ya sayi mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Duk wanda ya ga baburan nan biyu zai ce mai kantin ba da gaske yake son sayarwa ba.

Jan babur yana da hujjoji masu ƙarfi waɗanda suka wuce kyan gani, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Injinsa na cikin irin waɗanda masana'antun China suka kwaikwayo daga CG125 na kamfanin Honda. A 1974 injiniyoyin Honda suka zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin, Iran da Pakistan, suka tarar da mutane suna labta wa babura kayan da suka fi ƙarfinsu, suna kuma barin baƙin mai a inji har ya yi kauri ba a yi juye ba. Sai suka ƙera injin da zai jure irin wannan riƙon, suka fitar da shi a 1975, aka kuma fara ƙera shi a Barazil a 1976. Babu sarƙa a cikin kansa, wasu 'yan sanduna ne ke tura bawul, shi ya sa yake da ƙara kaɗan amma yake da wuyar mutuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai shiga ƙauye shi ne, da wuya a sami makaniken gefen hanya tsakanin Badagishiri da Buza wanda bai taɓa kwance irinsa ba, kayan gyaransa kuma suna ko'ina, da arha, ko da yake ingancinsu hawa-hawa ne.

Boxer kuwa na kamfanin Bajaj ne na ƙasar Indiya, kuma 'yan kabu-kabu sun riga sun yi masa shaida a wajen ɗaukar nauyi da ƙarancin shan mai. Doguwar kujerarsa da ƙarfin bayansa su ne abin da mai ɗora buhun hatsi yake dubawa. Kayan gyaransa suna shigowa da yawa ta Ƙonni, tun da aka sake buɗe iyakar Illela a watan Maris na 2024.

Idan da sunan ƙira kaɗai ake yanke hukunci, da gardamar ba ta ƙarewa, domin kowane ɓangare yana da masoyansa a majalisun shayi. Amma babur na hannu ba ƙirarsa kaɗai ake saye ba, har da abin da ya faru da shi bayan ya bar kanti. Saboda haka na ɗauki makaniken unguwarmu, dattijo ne da ya fara wannan sana'a tun zamanin da Yamaha Mate take tashe, na biya shi kuɗin yininsa domin kada ya zama yana sauri ya koma garejinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: za mu je da sassafe, kuma a gaya wa masu baburan kada kowa ya tayar da inji kafin mu iso. Da muka isa wurin dillali, kafin ma a gama gaisuwa ya kai bayan hannunsa ya taɓa jikin injin, domin injin da aka ɗumama kafin zuwan mai saye yakan ɓoye wuyar tashi da hayaƙin farko da kuma ƙarar da ke fita kafin mai ya zagaya.

Jan babur a sanyaye yake, kuma bai tashi nan take ba, sai da aka ja masa cok aka bubbuga. Da ya tashi, dattijon ya tsuguna a bayan salansa yana kallon hayaƙi yayin da yaronsa yake murɗa totur. Ya bayyana mini cewa farin tururi mai sauƙi da safen hunturu ba komai ba ne, yana wucewa da inji ya ɗau zafi, baƙin hayaƙi kuma alama ce ta mai ya yi wa iska yawa, wanda sau da yawa wankin karbureta ko na matatar iska yake magancewa, amma hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da warin ƙonannen baƙin mai shi ne ke nuna ringi ya ci ko bawul yana yoyo. Ya kwance buji, wato abin da ke ba inji wuta, ya juya shi a tafin hannunsa, bakinsa baƙi ne amma a bushe, ba jiƙe da mai ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya ɗiga a kan yatsa, ya murza, ya ɗaga wa rana yana neman ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, bai samu ba. Daga nan ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa cikin karbureta da bututun mai, ya nuna mini danƙon tsohon fetur da ya bushe a ciki. Sai ya miƙe ya ce, "Malam, injin nan ba shi da laifi, ajiya ce ta dame shi, ba aiki ba."

Maganar ajiya ta zo daidai da abin da lambobi suka nuna. Dillali ya ce babur bai wuce shekara biyu ba. Lambar shasi, wato ƙarfen gangar jikin babur, tana da haruffa da alƙaluma 17, ta jan babur ta fara da L kamar yadda ta baburan China take farawa, kuma a tsarin da suke bi harafi na goma shi ne na shekarar ƙira. Nasa K ne, wato 2019. Tayar baya ma ta ba da shaida, domin a gefenta akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, an rubuta 3619, mako na 36 na 2019, kuma ko da yake zanenta bai cinye ba, gefenta duk ya tsattsage saboda rana da daɗewa. Robar wurin ɗora ƙafa ba ta goge sosai ba, abin da ke nuna cewa mitar ba lallai ƙarya take yi ba. Labarin ya fito fili: babur ne na ɗan cirani, a hau shi wata huɗu ko biyar, a jingine shi a ɗaki sauran shekara. Wannan bai tayar mini da hankali ba, domin taya da batir da robobin da suka bushe duk abubuwa ne da ake shiga kanti a tambayi kuɗinsu.

Abin da ya canza lissafin ya fito ne daga gwajin da ba ya bukatar ko sifana. Dattijon ya sa yaronsa ya share wani wuri mai laushin yashi da ƙafa, ya hau babur ya bi ta kai a miƙe, a hankali, ba tare da karkata ba. Babur mai lafiyayyen shasi sawu ɗaya yake bari, domin tayar baya tana taka inda ta gaba ta taka. Jan babur sawu biyu ya bari, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tsakaninsu kamar faɗin yatsu biyu. Aka duba ko ɗaurin tayar baya ne ya karkace, aka daidaita shi, aka sake gwadawa, sawu biyun suna nan. Yaron ya ƙara da cewa idan ya sassauta riƙo, kan yana janye shi hagu. Nan dattijon ya nemi a cire tanki. Dillali ya ɓata rai ya ce, "Haba Baba, ai ba a kwance kayan mutane tun ba a yi ciniki ba." Dattijon ya amsa masa cikin sanyin murya, "Ɗana, ƙusa biyu ce, ni zan mayar da hannuna, kuma Malam ba zai sayi abin da bai gani ba." Da aka ɗaga tankin, sai ga walda a wuyan shasi, daidai inda bututun da ke riƙe da kai ya haɗu da ƙashin bayan babur. Ba irin waldar masana'anta ba ce mai tafiya sumul, wannan tudu-tudu ce, an goge ta sama-sama an shafe da baƙin fenti wanda ƙyallinsa ya bambanta da na kewayensa. A lokacin ne sheƙin da ya ja hankalina ya sami fassara. Tanki sabo ne, fitilar gaba sabuwa ce, tayar gaba ta fi ta baya ƙuruciya da shekaru, domin gaban babur ɗin gaba ɗaya an sake shi bayan wani karo mai ƙarfi.

Ban ce dillalin ya san da waldar ba, mai yiwuwa shi ma haka aka kawo masa, ko da yake a shari'a ɓoye aibin haja ba ya halatta ga wanda ya sani. Abin da ya dame ni shi ne tambayar da na yi wa dattijon, wadda ya kasa amsawa, kuma ya faɗi gaskiya cewa ba wanda zai iya. Na ce masa, "Baba, waldar nan za ta riƙe?" Ya ce tana iya yin shekara goma a cikin gari ba ta motsa ba, tana kuma iya buɗewa a gangaren dutse da buhu biyu a baya, domin ba a ganin cikin walda da ido, kuma girgizar burji ita ce babbar abokiyar gabarta. Gyara na gaskiya shi ne a sake shasi, amma lambar babur a jikin shasi take, wanda ya sake shi ya raba babur da takardunsa.

Da muka je Wadata, Boxer ya tashi da bugu na farko duk da sanyin safiya. Injinsa ba a wanke yake ba, ƙura ta kwanta masa, kuma dattijon ya ce hakan ya fi masa, domin ƙura a bushe shaida ce cewa babu inda mai yake tsatsa, alhali injin da aka wanke da gas ana gobe kasuwa ba ya gaya wa mutum komai. Ya duba kawunan ƙusoshin da ke riƙe da cikin inji, bai ga alamar sifana ta taɓa cin su ba, wato ba a taɓa buɗe ƙasan injin ba. Ya kasa kunne ga sarƙar cikin kai, wadda irin wannan injin yake da ita saɓanin na jan, ya ce tana da sauran rai. Akwai 'yar ƙarar bawul mai bukatar saiti. Sawunsa a yashi ɗaya ne tak. Sauran aibobinsa kuwa ba su da iyaka a ido: sarƙa ta saki har tana taɓa murfinta, haƙoran da take hawa sun yi tsini sun karkata, kuloci yana zamewa idan aka murɗa mai da ƙarfi a babbar giya, abin tare girgiza na baya ya gaji, birkin baya ya kai ƙarshe, ga taya, ga kujera, ga sigina, ga wayar mita.

Muka zauna a kan benci a ƙofar kantin, dattijon yana faɗa ina rubutawa a bayan kwalin sukari, kowane aibi da kuɗin kayansa da kuɗin aikinsa. Jimilla ta kama kusan jikka 60. Wannan rubutun shi ne ya yanke mini hukunci, domin a nan na ga bambancin da ke tsakanin baburan ba na yawan aibi ba ne. Aibobin Boxer sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma kowannensu yana da adadi a gabansa, kuma aibin da aka san kuɗin gyaransa ya zama wani ɓangare na farashi kawai, a tara shi a kan kuɗin saye a ga ko an yarda. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Aibobin jan babur kaɗan ne, na taya da batir da karbureta ba za su wuce jikka 35 ba, amma akwai layi ɗaya da na rubuta walda na rasa abin da zan sa a gabansa, domin yana iya zama sifiri, yana iya zama kuɗin asibiti, yana iya zama abin da ya fi haka.

Layi na biyu da ya zauna babu adadi shi ne na takardu, kuma a ganina ya fi na walda nauyi. Jan babur yana da kartigiris, wato takardar rajistarsa mai ɗauke da sunan mai shi, lambar da ke cikinta ta dace da ta shasi, amma sunan da ke kai ba na wanda ya kawo shi kasuwa ba ne. Mai sunan yana Libiya, ƙanensa ne ya ba dillali, kuma babu wata takardar wakilci sai saƙon murya a waya wanda aka ce za a kunna mini idan ina so. Takardar duwan, wato ta kwastan, kuma an ce tana cikin akwati a ƙauye, za a aiko da ita. Dillalin ya ce, "Malam, ai kowa haka yake saye, ka hau abinka, ba wanda zai tambaye ka." Gaskiya ne mutane da yawa haka suke saye, kuma da yawansu ba abin da ya same su. Sai dai babur a ƙasar nan ya daɗe da zama abin da hukuma take sa wa ido. A 2015 aka hana hawansa a jihar Diffa saboda matsalar tsaro, a watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara cikin jiharmu, a farkon 2020 kuma aka hana zirga-zirgarsa a sassan jihar Tillaberi. Wanda yake fita gari yana wuce shingen jandarmomi ba ya cikin halin da zai riƙa dogon bayani a kan dalilin da ya sa sunan da ke takarda ba nasa ba ne. Akwai kuma abin da ya fi kusa da gida: idan mai sunan ya dawo da damina ya ce bai ba da izinin sayarwa ba, ko ya ce kuɗin da aka aika masa bai cika ba, rigimar 'yan'uwa ce za ta faɗo a kan baƙon da ya saya, kuma saƙon murya ba zai tsaya masa a gaban alƙali kamar sa hannu da hatimi ba. Ranar da ni ma zan sayar, mai saye zai yi mini irin tambayoyin da nake yi yau, ya rage kuɗi gwargwadon amsoshin da ba ni da su.

Mai kantin Wadata kuwa ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar leda, a cikinta akwai rasiɗin kantin da ya saya, da takardar duwan, da kartigiris mai sunansa, da binyet ta harajin shekara, da asiransi, wato inshora, da ta ƙare ba da daɗewa ba. Lambar shasi ta fara da MD2, wadda ita ce alamar Bajaj, muka karanta ta harafi-harafi muna gwadawa da ta takarda, muka yi haka da lambar inji, dattijon kuma ya shafa yatsa a kan lambobin domin ya ji ko an taɓa goge wurin an sake bugawa. Ga mai shi a zaune, da katin ɗan ƙasarsa a aljihu, kantinsa kuma ba ya tashi ya tafi ko'ina.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana fataucin albasa tsakanin Galmi da Yamai kuma ba a cika yi masa wayo a ciniki ba, bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Ɗana, kai da kanka ka ce injin jan ya fi ƙuruciya. Wancan ya yi shekaru yana ɗaukar katan-katan, mitarsa a mace, ba ka san ko ya zagaye ƙasar nan sau nawa ba. Yau ba ya hayaƙi, baɗi fa?" Ya ƙara da cewa tunda an gano walda, sai a yi amfani da ita a karya farashin jan zuwa jikka 200, a kai shi wurin gwanin walda ya ƙara masa ƙarfe, a hau shekara biyu a sayar. Na amsa masa da ladabi cewa ko da injin Boxer ya gaji baɗi, ringi da fistan da aikinsu abu ne da makanike zai iya faɗa mini kuɗinsa tun yau, don haka shi ma yana shiga lissafi. Amma na yarda da shi a kan abu ɗaya: da a ce ni mai zirga-zirgar cikin gari ne, daga gida zuwa wurin aiki a kan kwalta, ba kaya, ba gangare, kuma da mai sunan zai aiko da takardar wakilci mai hatimi, da jan babur a jikka 200 ciniki ne mai kyau. Hanyar Keita ce ba ta yarda da shi ba, kuma a bayan babur ɗin nan mahaifiyata za ta riƙa zama idan za a kawo ta asibiti.

Batun shan mai bai shiga lissafina sosai ba, ko da yake shi ne abin da aka fi yi mini magana a kai. Bambancin da ke tsakanin inji 125 da 150 masu lafiya bai kai wanda ke tsakanin karbureta mai saiti da marar saiti ba. Yanayin ma ya canza: tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, man kwalba da ke shigowa ta iyaka ya daina zama mai arhar da muka sani, a watan Yuli na 2024 kuma aka sauke litar fetur a gidajen mai zuwa sefa 499, ko da yake ƙarancin da aka yi a watan Maris na 2025 ya nuna cewa matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ba kullum take wadatar da ƙasa ba. Ga mai shiga ƙauye, inda sau da yawa man kwalba ne kaɗai ake samu, abin da ya fi amfani shi ne 'yar matatar mai da ake sa wa a bututu tsakanin tanki da karbureta, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Cinikin bai ɗauki dogon lokaci ba, domin kwalin sukarin ya yi mini rabin magana. Na taya jikka 270, mai kantin ya ce albarka. Na miƙa masa rubutun, ya karanta layi-layi, bai musa ko ɗaya ba, sai dai ya ce taya da sarƙa ai kayan ci ne, kowane babur yana cin su. Dattijon ya sa baki ya ce, "Alhaji, a duba wa Malam, gyaran da yawa." Aka tsaya a jikka 295, ya ce ya sallama, na ba da kafin alƙalami a gaban shaidu biyu, da sharaɗin cewa cikon kuɗi sai a komisariya. Can muka rubuta takardar sayarwa mai ɗauke da sunayenmu da lambobin katinmu da lambar shasi da ta inji da adadin kuɗi, aka buga mata hatimi, sannan na ƙirga masa sauran. Da yake babu dillali a tsakani, babu la'ada, sai na ƙara wa dattijon wani abu a kan kuɗin yininsa. Na kuma koma na shaida wa dillalin jan babur cewa na fasa, na roƙe shi ya gaya wa duk wanda zai saya labarin waldar, ya ce zai yi.

Gyaran ban yi shi a tashi ɗaya ba. Na fara da abin da ke tsayar da babur da abin da ke riƙe shi a ƙasa, wato birki da tayar baya, sannan sarƙa da haƙoranta gaba da baya a tare, domin sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Aka yi juye, aka wanke matatar iska, aka saita bawul, aka sake faifan kuloci, na sabunta asiransi, na kuma shigar da takardun mayar da kartigiris zuwa sunana, na sayi hular kwano. Da aka buɗe kuloci an tarar da ɗaya daga cikin wayoyinsa ta kusa tsinkewa, abin da ba ya cikin rubutunmu, ya ƙara mini jikka 2. Abin tare girgiza na baya da kujera suna jiran albashin wata mai zuwa, dattijon kuma ya ce in dawo masa da babur kafin zafin watan Afrilu ya shigo, ya sake sauraron sarƙar cikin kai ya kuma duba buji, domin a lokacin ne za a san ko ringi zai kai wata damina.